Halatta Noman Tabar Wiwi: Dalilin Da Ya Sa Izinin Jiha Ba Zai Kare Jarin Ɗan Kasuwa Ba

MARARABA — Duk wanda ya taso daga Nyanya ya nufi Keffi, da zarar ya shiga Mararaba ya bar Babban Birnin Tarayya ke nan, ya faɗa Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Ko da yake gine-ginen garuruwan biyu sun haɗe, 'yan kasuwar yankin sun san bambancin sarai, domin takardar mallakar fili da harajin shago duk suna sauyawa a kan wannan iyaka. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mai jari ya ɗauka cewa wata rana gwamnatin jiha za ta iya ba shi lasisin noman tabar wiwi domin haɗa magani, kamar yadda ake jin labari daga Amurka. To amma bisa ga tsarin mulkin Nijeriya, babu jihar da ke da wannan iko.

Idan dai za a iya tunawa, a watan Mayu na shekarar 2019 Gwamnan Jihar Ondo na wancan lokaci, marigayi Rotimi Akeredolu, ya kai ziyara ƙasar Tailan tare da Kanar Muhammad Mustapha Abdallah mai ritaya, wanda ke shugabancin Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, wato NDLEA, domin ganin yadda ake sarrafa ganyen ya zama magani. Gwamnan ya bayyana cewa an ƙiyasta darajar wannan ciniki a duniya za ta kai dalar Amurka miliyan dubu 145 ya zuwa shekarar 2025, kuma Nijeriya za ta cuci kanta idan ta zuba ido. Hujjarsa ba ta rasa tushe ba. Dazuzzukan Ondo da Edo da Ekiti da Osun sun daɗe da zama wuraren noman wiwi a ɓoye, kuma jami'an hukumar sun sha kama motocin da ke ɗauke da buhunan ganyen a kan hanyar Okene zuwa Lakwaja zuwa Abuja. A ganinsa, tun da ana noman ko an so ko an ƙi, gara a mayar da shi ƙarƙashin ido, gwamnati ta sami haraji, matasa su sami aiki.

Abin lura shi ne, duk da kasancewarsa babban lauya kuma tsohon shugaban ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, Akeredolu bai kafa dokar jiha ya fara rabon lasisi ba. Roƙon Gwamnatin Tarayya ya yi ta yi har ya rasu a watan Disamba na 2023. Ya san abin da tsarin mulkin 1999 ya tanada: batun magunguna da guba yana cikin jerin al'amuran da Majalisar Tarayya ce kaɗai ke yi musu doka. Haka kuma sashe na 4 ya ce duk dokar jiha da ta ci karo da ta tarayya, ta tarayyar ce ke rinjaye.

Dokokin tarayya kuwa tsofaffi ne, masu tsanani. Tun zamanin Turawa akwai dokar miyagun ƙwayoyi ta 1935. A 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar tabar wiwi, wadda ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 a kan wanda ya shuka ganyen, kafin a sassauta ta a 1975. Daga nan sai dokar soja mai lamba 48 ta 1989 da ta kafa NDLEA, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai a kan shukawa ko shigowa da irin waɗannan ƙwayoyi ba da izini ba. Abin da ya fi shafar mai dukiya shi ne ikon da dokar ta bayar na ƙwace kadarorin da ke da nasaba da laifin, kama daga gona da sito har zuwa mota da kuɗin da ke banki. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraren shari'ar, kuma takardar da wata ma'aikatar jiha ta buga wa hatimi ba za ta hana alƙali yanke hukunci ba.

Wani zai ce ai jihohi irin su Kano da Zamfara sun hana cinikin giya da dokokinsu. Gaskiya ne, sai dai jiha ta hana abin da tarayya ta ƙyale daban yake da jiha ta halatta abin da tarayya ta haramta.

Ruɗanin ya samo asali ne daga Amurka. A 1996 masu jefa ƙuri'a a Jihar Kalifoniya suka amince a yi amfani da wiwi don magani, jihohi da dama suka bi sahu, sannan a 2012 Kolorado da Washinton suka halatta shi ga baligai ko ba don magani ba. Hakan ya yiwu ne domin kowace jiha a can tana da kundin laifuffukanta da 'yan sandanta, kuma su ne ke yin mafi yawan kame. Idan jiha ta janye hannu, jami'an tarayya ba su da yawan da za su bi kowa gida-gida. A Nijeriya kuwa hukumar da ke farautar masu noman ta tarayya ce, tana da ofis a kowace jiha, ba ta kuma karɓar umarni daga gwamna.

Ko a Amurkan ma, 'yan kasuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. Dokar tarayya ta 1970 ta sanya wiwi a rukuni mafi tsanani, kuma a 2005 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnatin tarayya na da ikon hukunta mai shuka ganyen ko da jiharsa ta yarda. Shekara da shekaru manyan bankuna suna gudun ajiyar kuɗin masu wannan sana'a, har ya zama shaguna da yawa ba sa ciniki sai da tsabar kuɗi, abin da ya jawo musu 'yan fashi. Dokar haraji kuma ta hana su cire kuɗin haya da albashin ma'aikata kafin a yanka musu haraji.

A nan Afirka, duk ƙasar da ta buɗe wannan ƙofa gwamnatin tsakiya ce ta buɗe ta. Lesoto ta fara ba da lasisi a 2017, Zimbabuwe ta biyo baya a 2018, Maroko a 2021. Labarin Gana ya fi kowanne darasi ga mai jari: majalisarta ta amince a 2020 da noman nau'in da sinadarinsa mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, sai Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 bisa dalilin cewa ba a bi ƙa'idar majalisa ba, aka sake zartar da shi a 2023. Ita kanta Tailan da Akeredolu ya je koyi da ita ta saki harkar a 2022, dubban shaguna suka buɗe, sannan a 2025 ta dawo ta ce ba a sayarwa sai da takardar likita. A Kanada, wadda ta halatta ganyen a 2018, hannayen jarin manyan kamfanoni irin su Tilray da Canopy Growth sun yi tashin gwauron zabo, daga baya suka zube da fiye da kashi 90 cikin 100, domin abin da aka noma ya fi ƙarfin masu saye.

A gida, an gwada hanyar da tsarin mulki ya yarda da ita, amma ba a kai gaci ba. 'Yan Majalisar Wakilai Benjamin Kalu da Olumide Osoba da Miriam Onuoha sun gabatar da shirin dokar da za ta ba da damar noman wiwi domin magani da masana'antu, amma a watan Maris na 2023 majalisar ta jingine shi bayan zazzafar muhawara, wa'adinta kuma ya ƙare ba a koma kansa ba. Masu adawa sun dogara da binciken da aka yi a 2018 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar, miliyan 10.6 daga cikinsu masu shan wiwi. Tun a watan Disamba na 2020 ma, lokacin da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukuni mafi haɗari da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi amincewa.

Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, wanda ya karɓi ragamar NDLEA a watan Janairu na 2021, ya yi tsayin daka wajen adawa da halatta ganyen. Sai dai a watan Oktoba na 2025, a wani taro da Cibiyar Masana Kimiyya ta Nijeriya ta shirya a Abuja, ya nuna cewa hukumar ba ta ƙi a fitar da man wiwi zuwa ƙasashen da ke buƙatarsa ba, muddin za a yi shi ƙarƙashin kulawarta, ba kuma don amfani a cikin gida ba. Wannan sassauci ne na baki, domin jawabin taro ba ya soke doka. Kafin wani ya shuka ko da kwaya ɗaya bisa halal don ciniki, sai Majalisar Wakilai da ta Dattawa sun gyara dokar 1966 da ta NDLEA, shugaban ƙasa ya sa hannu, sannan a bayyana hukumar tarayyar da za ta riƙa ba da lasisi da kuma sharuɗɗansa.