Fadamar Da Gauraka Ta Daina Sauka

Shinkafa ce ta kai ni wannan ƙauye na dausayin Haɗeja da Nguru, don in ji yadda girbin bana ya kaya. Bayan gaisuwa a zauren mai gari, aka haɗa ni da wani dattijo masunci, ya sa ni a kwalekwale. Ba mu yi nisa ba ciyawar kacala ta tare mu, ta fi mutum tsawo, gabas da yamma duk ita ce.

"Ɗana, nan da kake gani, da ruwa ne shimfiɗe," in ji shi, yana ture ciyawar da gora. "Da hunturu in kirinjijiya da dinya suka tashi, sai ka ce hadari ya haɗu. Gauraka kuwa har bayan gari take kiwo. Yau jikokina ba su san kukanta ba."

Shi dai ruwa yake kuka da shi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, ruwan da ke cika da damina ya janye da rani ya sake hali. Wasu fadamun sun ƙafe, wasu kuma ruwa ya zaune musu duk shekara, kacala ta samu wurin zama. Don noman rani da ruwan sha aka yi madatsun, buƙata ce ta gaske. Sai dai tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai taɓo suke nema da ruwa iya idon sawu, kuma yawansu na cikin abin da ya sa tafkin Nguru ya shiga jerin muhimman dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000.

Tsuntsun jan baki ne ya ci ribar abin. A kacala yake kwana, da asuba ya afka wa gonaki. Na ga yaro a kan rumfa yana girgiza igiyar gwangwanaye, muryarsa ta dishe don ihu.

"In jirgi ya zo feshi murna muke yi, ba zan ɓoye maka ba," in ji dattijon. Ya ɗan yi shiru. "Amma washegari na sha tsintar belbela da zalɓe a bakin ruwa. Su ko ƙwaya ɗaya ta shinkafata ba su taɓa ci ba."

Maganar ta tsaya mini a rai har muka juyo. A wani ɗan fili da matasan gari suka sare kacala da lauje, kirinjijiya shida na iyo. Dattijon ya ɗaga gorarsa daga ruwa, muka wuce a hankali don kada su tashi.