Wa Ke Kai Wa 'Yan Bindiga Labari? Darasi Daga Wasan Farautar Maci Amana

A duk garin da 'yan bindiga suka kai hari a Jihar Neja, tun ƙura ba ta lafa ba tambaya ɗaya ke tashi a majalisa da bakin masallaci: wa ya nuna musu gidan? Mutane sun san da ɗan gari akan ci gari, saboda haka kalmar infoma ta zama mafi nauyin zargin da za a ɗora wa mutum a yau. A watan Yulin 2021 Gwamna Abubakar Sani Bello ya sa hannu a kan gyaran dokar jihar da ta tanadi hukuncin kisa ga masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu, har da masu kai musu labari. An yi haka ne watanni kaɗan bayan sace ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Kagara a Fabrairu da na Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina a watan Mayu.

Suleja ba ta tsakiyar dajin da ake wannan ɓarna, amma zargin ya fi saurin kamawa a gari irinta. Tun da aka ayyana sabon babban birnin tarayya a 1976, tsohon garin Abuja ya ba da sunansa ya koma Suleja, jama'a ke kwararowa. Ma'aikacin da hayar gida a Abuja ta fi ƙarfinsa, da ɗan acaɓa, da ɗan ci-rani, da wanda ya gudo daga Shiroro ko Munya, duk sun taru a Kwamba da Maje da Madalla. Maƙwabci bai san asalin maƙwabcinsa ba. Garin kuma bai manta da bam ɗin ofishin hukumar zaɓe na 8 ga Afrilun 2011 ba, ko na cocin St. Theresa a Madalla ranar Kirsimetin shekarar.

Tambayar ita ce: taron jama'a na iya gane maci amana da ido? Akwai wani wasa da aka ƙirƙira musamman don gwada wannan, kuma amsar da yake bayarwa ba mai daɗi ba ce.

Sunan wasan Mafia. Dimitri Dabidof ne ya tsara shi a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Mosko a ƙarshen shekarun 1980. Ana raba katuna a ɓoye, mutum biyu ko uku su zama makasa waɗanda suka san juna, sauran kuwa mutanen gari ne da ba su san komai ba. Idan alƙalin wasa ya ce dare ya yi, kowa ya rufe ido, makasan su nuna wanda za su fitar. Idan ya ce gari ya waye, a buɗe muhawara, a tuhumi juna, a kaɗa ƙuri'a a kori wanda aka fi zargi. Sai bayan an kore shi ake buɗe katinsa a ga ko an yi daidai. Daga wannan tsari aka samo wasan waya na Among Us da matasa suka rungumi a 2020, da shirin talabijin na The Traitors.

Akwai kuma wanda ya girme shi, wato Diplomacy, wanda Ba'amurke Allan Calhamer ya fitar a 1959. Mutum bakwai ne ke riƙe da manyan ƙasashen Turai na gabanin Yaƙin Duniya na Ɗaya: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya, Rasha da Turkiyya. Babu caca a ciki, babu sa'a. Ba mai iya cin nasara sai da ƙawance, kuma kowa a ɓoye yake rubuta umarnin rundunarsa, don haka wanda ya yi maka rantsuwa da safe yana iya afka maka da yamma.

Abu na farko da waɗannan wasanni suka nuna shi ne ƙarfin 'yan tsirarun da suka san juna a kan masu rinjayen da ke lalube a duhu. A 2008 masana lissafi uku, Braverman da Etesami da Mossel, sun lissafa cewa idan mutanen gari ba su da wata hujja sai zato, makasa kamar goma sun ishi mutum ɗari. Dalilin a fili yake. A kowace ƙuri'a marasa laifi ne suka fi yawa, saboda haka yatsan da aka nuna da ka ya fi yiwuwa ya sauka a kan mara laifi. Garin na rasa mutum ɗaya da dare a hannun makasa, ya sake rasa wani da rana a hannun kansa.

Abu na biyu shi ne raunin idonmu. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara gwaje-gwaje fiye da 200 da aka yi wa mutum sama da dubu 24, inda ake nuna musu masu gaskiya da maƙaryata a ce su bambanta. Abin da suka ci daidai kashi 54 ne cikin 100, alhali wanda ya yi canki-canka zai ci 50. Alamar da mutane a ƙasashe da dama suka fi dogara da ita, wato kau da ido, bincike bai same ta da wata alaƙa ta kirki da ƙarya ba. A ƙasar Hausa abin ya fi haɗari, domin yaro mai tarbiyya ba ya haɗa ido da babba. Saurayin da aka gurfanar gaban mai unguwa ya sunkuyar da kai, murya na rawa, yana iya zama mai kunya ne ko mai tsoron duka, amma taro zai ce ga alamar rashin gaskiya.

Maci amanar gaske kuwa ba haka yake zuwa ba. A 2015 wasu masu bincike a Amurka sun bi diddigin saƙonnin da 'yan wasan Diplomacy suka aika wa juna, suka ga mai shirin yaudara yakan fi abokinsa daɗin baki kafin ya juya baya. Duk da haka na'urar da suka horar don hango cin amanar ba ta wuce kashi 57 cikin 100 ba. A wasan Mafia ma, gwanin makashi shi ne ke fara nuna wani, ya ɗaga murya, ya ja ƙuri'a zuwa kan mai shiru ko baƙo. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

A wasa, wanda aka kora bisa kuskure dariya zai yi ya koma gefe ya jira zagaye na gaba. A zahiri kuwa, a watan Maris na 2025 a Uromi ta Jihar Edo, 'yan sintiri sun tare motar mafarauta da ke komawa Kano don bikin Sallah, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne. An kashe mutum 16 kafin wata hukuma ta binciki ko ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya yi kukan Uromi bai kamata ya yarda a yi irinta ga baƙon da ya kama ɗaki a unguwarsu ba, ko ga Bafulatanin da ya shigo kasuwar IBB ta Suleja sayen gishiri.

Lissafin nan na 2008 ya ƙunshi wani sakamako mai ba da ƙwarin gwiwa. Idan aka sa mai bincike a cikin wasan, wanda ke iya duba katin mutum ɗaya kowane dare, lamarin kan juye, makasa su buƙaci yawa sosai kafin su yi tasiri. Hujja kaɗan ta fi zato mai yawa amfani. A zahiri hujjar ita ce rajistar kiran waya, da shigar kuɗi a asusu, da wanda aka kama da jarkokin mai ko buhunan abinci a hanyar daji, da shaidar waɗanda aka sako. Ta hanyar bincike da kotu aka bi da Kabiru Sakkwato, wanda Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa ɗaurin rai da rai a Disambar 2013 kan laifukan ta'addanci, ta kuma same shi da laifin ɓoye abin da ya sani game da harin Madalla.

Infoma suna nan, kuma ɓarnarsu babba ce. Amma Suratul Hujurat ta umarci muminai da bin diddigin labari kafin su cutar da wasu cikin jahilci, ta kuma gargaɗe su kan yawan zato. Wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba, ya kai wa mai unguwa ko dagaci ko ofishin 'yan sanda a asirce, ya faɗi abin da ya gani da ranar da ya gani, ya bar sunan mutum daga WhatsApp da bakin shayi. Masu unguwannin masarautar Zazzau Suleja su riƙe rajistar 'yan haya, 'yan banga su miƙa wanda suka kama ga hukuma da ransa da lafiyarsa, jami'an tsaro kuma su rufa wa mai ba da labari asiri. Unguwar da ta kashe mara laifi ta yi wa infoman gaske aikinsa ne, domin daga ranar ba wanda zai sake neman sa.