Ko Kun Sani? Akwatin Sama da Akwatin Ƙasa

Duk ɗalibin da ya taɓa cike fom ɗin JAMB, ko ya ƙirƙiri kalmar sirri a waya, ya ci karo da "upper case" da "lower case", wato manyan haruffa da ƙanana. Sunayen daga maɗaba'a suka samo asali. Tun da Gutenberg ya kafa injinsa a Mainz ta Jamus wajajen 1450, da hannu aka riƙa jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya. Daga baya masu jerawa suka raba su akwati ("case") biyu: manya a na sama, ƙanana a na ƙasa kusa da hannu, domin su aka fi buƙata. Kwamfuta ta kori dalma, amma sunayen sun zauna daram.