Tsallake layi: A Orlando da kuɗi ake saye, a Jimeta sai da sanayya

A birnin Orlando da ke jihar Florida ta Amurka, akwai otal guda uku da kuɗin ɗakinsu ya haɗa har da damar wuce mutane a layi. Su ne Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, duka a harabar wurin shaƙatawa na kamfanin Universal. Wanda ya kama ɗaki a ɗaya daga cikinsu ana ba shi katin Universal Express, da shi zai riƙa bi ta wata ƙofa ta daban zuwa yawancin lilo da jiragen wasa na tsofaffin filayen kamfanin guda biyu, tun daga ranar da ya sauka har ranar da zai tafi. Baƙon da ya sauka a otal masu rahusa kuwa, iyakar gatansa a bar shi ya shiga da sassafe kafin a buɗe wa jama'a.

Kamfanin Disney ma ya bi wannan hanya, amma a hankali. A 1999 ya ɓullo da tsarin FastPass, wanda kyauta ne: mutum ya karɓi takarda mai ɗauke da lokaci, ya je ya yi wata harkar, ya dawo ya shiga ba tare da dogon jira ba. Bayan rufewar da annobar korona ta jawo a 2020, ba a dawo da shi ba. A 2021 aka maye gurbinsa da na kuɗi, a 2024 kuma aka sake masa fasali, inda baƙin otal ɗin kamfanin ke iya kama gurbi kwana bakwai kafin zuwansu, sauran jama'a kuwa kwana uku.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan ciniki ba shi da wuya. Adadin mutanen da jirgin wasa ke ɗauka a awa guda ƙayyadajje ne. Duk kujerar da aka ba mai kati, daga rabon masu tsayuwa aka cire ta. Ashe abin da kamfanin ke sayarwa lokacin wasu ne. Saboda haka ne yake taƙaita yawan katin, yake kuma tsawwala masa kuɗi, domin ya san idan kowa ya samu, ƙofar gatan ma za ta koma layi.

Layin da ba na wasa ba

Yola da Jimeta ba su da irin waɗannan wurare, amma sun san layi, sun kuma san masu tsallake shi. Yola ce tsohon gari, mazaunin Lamiɗo tun da Modibbo Adama ya kafa ta a 1841. Jimeta, a bakin kogin Binuwai, ita ta ɗauki nauyin kasuwa da bankuna da ofisoshin gwamnati, musamman tun da aka ƙirƙiro jihar Gongola a 1976, daga baya Adamawa a 1991. Mutumin Ganye ko Mubi ko Numan da ke da buƙata a wani ofishin tarayya, sau da yawa can zai nufa, ya yi sammako, ya kama layi a garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu.

A farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, layukan bankuna sun kai har bakin titi. A watan Yunin 2024, dillalan man fetur masu zaman kansu a Adamawa da Taraba sun rufe gidajen mai kusan 2,000, suna adawa da kamen da hukumar Kwastam ke yi a yaƙin da take da fasa-ƙwaurin mai zuwa Kamaru. 'Yan gidajen da suka rage a buɗe sai suka zama wurin kwanan masu motoci da 'yan Keke Napep.

A irin wannan rana ce ake gane cewa layi ƙofa biyu gare shi. Motar da ke da lambar gwamnati ko rakiyar jami'in tsaro takan bi ta ƙofar fita ta sha mai. A banki, wani yakan shige ofishin manaja ya fito da kuɗi, alhali wanda ya zo tun asuba bai ko kai bakin ƙofa ba. Kowane hadimin babban mutum ya san wannan aiki, domin wani ɓangare ne na abin da ake kira furotokol: ya riga maigida isa, ya kira wanda ya sani, ya share hanya.

Bambancin da ke tsakanin ƙofar Orlando da ta Jimeta a fili yake. Ta can tana da farashi a rubuce, kuɗin yana shiga asusun kamfani, kuma abin da mai jira ya rasa bai wuce wasa ba. Ta nan ba ta da farashi, ba ta da adadi, ba ta da rasit. Wanda aka wuce kuwa yana iya rasa cinikin yini guda, ko motar komawa ƙauye, ko ganin likita.

Lokacin da gwamnati ta yi lissafi

Gwamnatin Tarayya da kanta ta taɓa ganin asarar da wannan ɗabi'a ke jawowa. A watan Mayun 2024, Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya sanar da cewa Majalisar Zartarwa ta amince kowa ya riƙa biyan kuɗin shiga a ƙofofin filayen jiragen sama na tarayya, har da Shugaban Ƙasa da Mataimakinsa. Dalilinsa shi ne mafi yawan katunan shiga kyauta ake raba wa manyan mutane, talaka ne kaɗai ke biya. Filin jirgin Yola, wanda aka sanya wa sunan Lamiɗo Aliyu Mustapha a 2023, yana cikin filayen tarayya.

Harkar fasfo ta nuna wata fuskar. A 2021 aka buɗe cibiyar fasfo ta gaggawa a Maitama, Abuja, inda mai sauri zai biya ƙarin kuɗi a hukumance. Wannan ya fi kama da tsarin Orlando. Sai dai abin da ya fi sauƙaƙa wa jama'a shi ne matakin 2023, lokacin da Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sa aka kammala fasfo sama da 200,000 da suka taru. Idan layin kowa yana tafiya, darajar ƙofar baya takan faɗi da kanta.

A nan ne matsalar take. Jami'in da bai taɓa tsayuwa a layin ofishinsa ba, ba zai san cewa taga ɗaya ce ke aiki cikin huɗu ba, ko cewa babu rumfa, ko cewa kwamfuta ta kwana uku a kashe. Hadimin da ya share masa hanya ya hutar da shi daga rana, amma ya kuma ɓoye masa rahoton da ya fi kowane sahihanci. Kamfanonin Orlando suna auna tsawon jiran kowane layi, suna liƙa shi a allo, saboda sun san baƙon da ya gaji ba zai dawo ba. Mai neman fasfo ko katin ɗan ƙasa a Jimeta ba shi da wani ofishin da zai koma, don haka ba wanda ke ƙirga awoyinsa.

Al'adar yankin ba ta rasa ma'auni ba. A masallacin Juma'a, sahun gaba na wanda ya riga zuwa ne, kuma an hana tsallake wuyan mutane. Fulanin Adamawa suna yabon munyal, wato haƙuri, da semteende, wato kunya. Haƙurin dai an bar wa masu tsayuwa, su kuwa suna da shi har ya yi yawa. Abin da ya rage shi ne kunyar mai wucewa.

Akwai waɗanda kowa ya yarda a ba su hanya: mai ciki, tsoho, mai buƙata ta musamman, motar asibiti. Bayan su, duk ofishin da ke ganin lallai sai ya buɗe ƙofar gaggawa, to ya rubuta kuɗinta a bango, ya ƙayyade yawan masu bi, ya ba da rasit, ya kuma kashe abin da ya samu wajen ƙara taga da rumfa ga sauran jama'a. Darakta ko hadimin da aiki zai kai shi Yola a wannan bazarar kuwa, yana iya gwada abu guda: ya ajiye katin shaidarsa a aljihu, ya tsaya a bayan na ƙarshe, ya duba agogo.