Sanƙarau na tarin fuka: Abin da hoton ƙwaƙwalwa ke nunawa

Jama'ar Jigawa sun san sanƙarau na bazara, wanda ke kayar da mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. A ɓarkewar 2022 zuwa 2023, jihar ce ta fi kowace yawan waɗanda ake zargin sun kamu a Najeriya. Amma akwai wani nau'in da ke shigowa a hankali, wanda ƙwayar tarin fuka ke haddasawa idan ta bi jini daga huhu ta kai ga tantanin da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ya fi kama ƙananan yara da masu ɗauke da HIV.

Yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kasala na mako biyu ko uku. A mazaɓa kamar Unguwar Ya ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu, abu ne mai sauƙi a ɗauke shi zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Idan farfaɗiya ko ruɗewa ta biyo baya, wasu kan danganta shi da iska.

Gwajin ruwan ƙashin baya da na'urar GeneXpert na iya gano ƙwayar, amma ba ya nuna iyakar ɓarnarta. Wannan aikin hoto ne. Hoton ƙirji kan nuna ko cutar ta watsu a huhu kamar an barbaɗa gero. Hoton CT na nuna taruwar ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, wadda kan buƙaci tiyatar sanya bututu don zuƙe shi, da kuma kumburin gindin ƙwaƙwalwa. MRI ya fi gano ƙananan ƙulli da wuraren da jini ya yanke, waɗanda ke jawo shanyewar ɓarin jiki.

Da waɗannan hotuna likita ke yanke hukunci kan ko magani kaɗai ya isa ko sai an tura majinyaci ga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Duk da haka, hoto mai tsabta ba ya kore cutar, kuma ƙa'ida ita ce a fara magani da zarar zargi ya yi ƙarfi. Maganin kan ɗauki kimanin wata 12.

A nan ne lamarin ya zama na siyasa. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma iyalai ne suka saba biyan kuɗin CT da MRI, kuma an fi samun na'urorin a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ga manomi daga Gwaram, kuɗin mota da na hoto na iya cinye makon da zai ceci ɗansa daga makanta ko mutuwa.

Birnin Kudu na da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Tambayoyin da ya kamata mazauna yankin su yi wa wakilansu a majalisa su ne: waɗanne na'urorin hoto ne ke aiki, nawa ake biya, kuma wa ke ɗaukar nauyin wanda ba shi da hali? Allurar BCG ranar haihuwa kuwa kyauta ce, kuma tana rage haɗarin wannan cuta ga yara.