Gishiri da Sukari: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

A teburin mai shayi a Rikoto, cikin garin Zuru, akwai gwangwani biyu, ɗaya na sukari, ɗaya na gishirin soya ƙwai. Duka farare ne, duka suna narkewa a ruwa. Amma bari kowanne ya zube a kaskon da ke kan wuta. Sukari zai narke ya yi ja, ya koma baƙi yana ƙauri, gishiri kuwa ko gezau, don sai zafi ya kai digiri 801 yake narkewa. Sirrin yana cikin yadda ƙwayoyin zarra suke riƙe juna.

Kowace ƙwayar zarra tana da 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke kewaya ta, ana ce musu ilektiron. Ɗauki sodiyam da kulorin, waɗanda suka haɗu suka zama gishiri: sodiyam yana da guda ɗaya a zagayensa na waje, kulorin yana da bakwai, saura ɗaya ya cika takwas. Sai sodiyam ya sallama nasa, kulorin ya karɓe. Daga nan kowanne ya ɗauki caji kishiyar na ɗan'uwansa, suka manne kamar maganaɗisu. Wannan shi ne haɗin ayonik, shi ya ba mu gishiri da kanwa. A gishiri kowace ƙwaya tana kewaye da kishiyoyi shida, shi ya sa wutar murhu ba ta iya raba su.

A haɗin kobalen babu mai sallamawa, tarayya ake yi, kamar 'yan'uwa masu cin tuwo a kwano ɗaya. Haka oksijin da haidurojin biyu suka zama ruwa, haka kuma sukari ya ginu. Gilbert Lewis na Amurka ne ya fayyace wannan a 1916, shekarar da Walther Kossel na Jamus ya bayyana na ayonik. Kada a ɗauka tarayyar ba ta da ƙarfi. Cikin kowane ƙulli na sukari riƙon gam yake, tsakanin ƙulli da ƙulli ne yake sakwa-sakwa, shi ya sa sukari yake saurin narkewa a wuta.

Ga inda abin ya shafe mu: gishiri in ya shiga ruwa, ƙwayoyinsa masu caji sukan watse su ba lantarki hanya, sukari kuwa ba ya yin haka. Gumi da ruwan rijiya duk suna ɗauke da gishiri. Saboda haka kafin ka taɓa soket ko wayar janareta, goge hannunka ya bushe tukuna.