Kukan Tsohuwar Akori-kura

Jariri ba zai ce cinnaka ce ta shige masa wando ba. Baki kawai zai ɓare, sauran aikin na uwa ne: ta taɓa goshi, ta duba ko ya jiƙa zani, ta ba shi nono, in duk bai yi shiru ba sannan a fara maganar asibiti. Fitilun gaban direba a tsohuwar Hilux haka suke. Sun iya kuka, ba su iya bayani ba, kuma bakaniken kirki daga mai araha yake fara lalube kafin ya kai ga kwance inji.

Kukan ma suna suka tara. Jar fitila mai hoton buta ta baƙin mai ce, ita ce kukan da uwa ke jefar da muciya ta ruga a guje. In ta kama kana tafiya, gangara ka kashe mota nan take, don mai ya daina zagaya inji yadda ya kamata. Ta "check" mai ruwan ɗorawa kuwa, muddin ba ƙiftawa take ba, tana iya haƙuri ka lallaɓa zuwa gareji. Abin haushi shi ne masu liƙe ta da baƙin salatif ko su zare ƙwan, su ce sun gyara. Shi ya sa mai sayen ta-hannu ya murɗa makulli kada ya tayar: duk fitilun su kama, wadda ta ƙi kamawa toshe mata baki aka yi.

Wata rana sai ka ga ta batir da ta birki da ta tacen gas sun kama tare, hankalin mai mota ya tashi. Yaran gida in suka kwana da ciwon ciki gaba ɗaya, tukunyar jiya ake tuhuma. A tsofaffin Toyota tukunyar nan yawanci caji ce. A duba fambel, a ɗora mita a kan batir: inji na aiki ya kamata a ga tsakanin volt 13.5 da 14.5, in yana wajen 12 to altanato ta kwanta. Wayar da ke haɗa batir da jikin mota ma in ta yi tsatsa takan haukata fitilu haka.

Maleji kuwa shi ne yaron da ba ya kuka, sai dai a ga ya yi laƙwas. A tsoffin ƙira waya ce mai juyawa cikin bututu ta taso daga giyabos har bayan allura. In ta bushe allura ta riƙa rawa tana ƙara, in ta tsinke ta kwanta a sifili. Bakanike zai shiga ƙarƙashi ya kwance ta daga gindi, ya kama bakin wayar da yatsu biyu ya murza da sauri, yaronsa na kujerar direba ya zuba ido. "Oga, ta motsa!" To sama lafiya lau, 'yar ƙaramar giyar roba da ke cikin giyabos ce haƙoranta suka cinye.

Masu sensa kuma soket ake fara cirewa, don sau da yawa laka ce da ruwan damina suka cika shi. Tsohuwar Toyota mai fetur da kwamfuta tana faɗin ciwonta da kanta: a haɗa ramukan TE1 da E1 na soket ɗin gwaji da guntuwar waya, fitilar "check" ta ƙifta huɗu, ta ɗan tsaya, ta ƙifta biyu. Lamba 42 ke nan, sensar gudu. A motocin da ake jona wa na'ura, P0500 za ta rubuta. Wanda ya sa manyan tayoyi kuwa kada ya zargi kowa, allurarsa za ta riƙa nuna ƙasa da gudun da yake yi.

Direbobi da yawa cewa suke maleji ba ya hana tafiya, kunne ya ishe su. Amma in ya mutu, lissafin kilomita ma ya tsaya, kuma a Hilux mai shan gas fitilar T-BELT, ta bel ɗin taimin, da wannan lissafin take aiki, sai ya cika 100,000 ko 150,000, gwargwadon injin, take kamawa. Bel ɗin yana can yana tsufa, fitilar ba ta da labari. Ranar da ya tsinke fistin zai daki bawul, galibi da lodin masara a baya, nesa da gari.